Cladosporium fulvum

Cladosporium fulvum, wanda ake kira Fulvia fulva a wasu littattafai, naman gwari ne da ke haddasa cutar funfunar ganye a tumatir. Masanin Ingila Mordecai Cooke ne ya fara bayyana shi a shekarar 1883. Saman ganyen da ya kamu yakan yi tabo rawaya, ƙasansa kuma ya yi funfuna mai ruwan ƙasa-ƙasa. Idan cutar ta yi tsanani ganye ya bushe ya zube, 'ya'ya su ragu.

Ƙwayoyin gado

Masana sun daɗe suna amfani da shi wajen nazarin yadda tsiro ke gane maƙiyinsa. Naman gwarin yana shiga ta ƙananan ƙofofin numfashin ganye, ya zauna a tsakanin ƙwayoyin halitta, yana fitar da wasu ƙananan furotin. Avr4 yana kare bangon jikinsa daga sinadaran tsiron masu narkar da shi, Ecp6 kuma yana tattara gutsattsarin bangon don kada tsiron ya farga. Sai dai irin tumatir mai ƙwayar gado ta Cf da ta dace yakan gane ɗaya daga cikin furotin ɗin, ya kashe ƙwayoyinsa da ke wurin, cutar ta tsaya.

A 1991 masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka ware Avr9, ƙwayar gado ta farko irinta da aka ware daga naman gwari. A 1994 aka ware takwararta Cf-9 a Norwich, wadda asalinta daga tumatirin daji Solanum pimpinellifolium ne. Wannan kariya ba ta dawwama: wasu nau'o'in naman gwarin sun yar da Avr9 gaba ɗaya, don haka Cf-9 ba ta ganin su. Jerin gadonsa da aka wallafa a 2022 ya nuna kuromosom 14.

A kwarin Hadejia

Cutar tana son danshin iska da ya haura kashi 85 cikin ɗari. Yawancin tumatirin fadamun Hadejia, Auyo da Kafin Hausa noman rani ne, lokacin da busasshiyar iskar hunturu ke hana ta sakewa. Haɗarin ya fi yawa ga tumatirin damina, da wanda aka dasa a cunkushe, da na gidan leda marar isasshiyar iska. Manomin da zai sayi iri mai jure cutar ya kamata ya duba nau'o'in da aka rubuta a jikin fakiti, domin juriyar ba ta haɗa dukkansu ba.