Daga Lofe Zuwa Shisha: Tarihin Haɗa Taba Biyu A Ƙasarmu

Yau mun ɗan jingine labarin soyayya, za mu leƙa tarihi.

Kwanan baya a tashar motar Tambuwal na ga wani matashi da karan sigari a hannu, ga kullin taba gari a aljihu, yana kuma yi wa abokinsa alƙawarin haɗuwa wurin shisha da dare. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce zamani ya lalace. Sai na tuna kakana a Kebbe, Allah Ya jiƙansa. Da safe ya cusa gari mai kanwa a leɓe ya tafi gona, da yamma ya kunna lofe a gindin bedi. Ashe haɗa taba biyu ba yau aka fara ba.

Asalin ganyen daga nahiyar Amurka yake. Ya iso ƙasashen Sudan tun wajen 1600, har malamai suka yi saɓani a kansa. A 1607 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa yana halatta shi, wasu malaman kuwa suka haramta. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya ga matan ƙasar Hausa suna rina haƙora da goro da furen taba. Ke nan ganye ɗaya, amfani huɗu: a busa, a tauna, a shaƙa, a yi kwalliya.

Sai zamanin kamfani ya zo. An kafa masana'antar sigari a Ibadan a 1937, ta Zariya kuma a 1959. Daga nan kwali ya shiga teburin mai shayi da tiren 'yan talla, ana sayarwa kara-kara. Sigari bai kori lofe da gari ba, zama ya yi kusa da su. Direba ya busa a hanya, in ya shiga gaban manya ya koma gari, don ba ta da hayaƙin da zai tona shi. Haka ita ma shisha, da ta yaɗu a garuruwanmu bayan 2010 da ƙamshin tuffa da na'ana'a, ta zo ta samu wuri.

To ina bambancin jiya da yau? Kakana shi ya noma tabarsa a fadama, in ta ƙare sai wata kaka. Ta yau ba ta ƙarewa, kuma an saka mata zaƙi don ta ja yara. Sinadarin nikotin da ke kama mutum iri ɗaya ne a cikinsu duka. Hayaƙi na cin huhu da zuciya, gari na cin dasashi har ya kai ga sankarar baki. Ruwan tulun shisha ba ya tace gubar. Mai haɗa biyu ya tara wa kansa cuta biyu ne.

A 2015 Nijeriya ta yi dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Ku leƙa teburin unguwarku ku gani ko ana bi.

Kakana ya yi shekarunsa na ƙarshe da tarin da ke hana gidan barci. Ya ajiye lofe ya riƙe batta, yana cewa ai ya daina. Bai daina ba, sauya hannu ya yi. Ɗan'uwa, in za ka bari, ka bar su duka.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.