Abota da zumunci a cikin littattafan yara biyu kan zaluncin da aka yi wa Yahudawa

Wannan ɗan rubutu zai duba littattafai biyu na ƙagaggen labari da aka rubuta don yara, waɗanda masu karatu da Faransanci suka sani da sunan Mon ami Frédéric da Compte les étoiles. Na farko Hans Peter Richter ne ya wallafa shi da Jamusanci a 1961. Na biyu Lois Lowry ce ta wallafa shi a Amurka a 1989. Dukansu sun ɗora labarinsu bisa abota tsakanin yaro Bayahude da maƙwabcinsa wanda ba Bayahude ba, kuma ta idon wannan maƙwabci ne mai karatu ke ganin abin da ya wakana. Tambayarmu ita ce: me abotar ta iya yi, kuma ina ta tsaya?

A wurin Richter iyalai biyu na zaune a bene guda, yaransu an haife su a 1925. Da farko gidan Schneider ne ke da wadata, domin uban ma'aikacin gidan waya ne, uban mai ba da labari kuwa ba shi da aiki. Daga 1933 al'amari ya juya: an sallami Schneider daga aikin gwamnati, maƙwabcin nasa ya shiga jam'iyyar Nazi ya samu abin yi, sa'an nan ya ba shi shawara a asirce ya bar ƙasar. Ba mugu ba ne; mai iyali ne da ke tsoron yunwa, kuma a ganinmu nan ne ƙarfin littafin yake. Ko shi mai ba da labarin, a tarzomar Nuwamba 1938, ya tsinci kansa da guduma a hannu yana farfasa kayan Yahudawa, a ranar da aka ragargaza ɗakin abokinsa, abin da ya yi sanadin mutuwar uwar. A 1942 Friedrich, maraya mai ɓuya, ya dawo roƙon abu ɗaya: hoton da aka ɗauke su tare da iyayensa ran shiga makaranta. A daren nan aka kore shi daga maɓoyar ƙarƙashin ƙasa lokacin ruwan bama-bamai, ya mutu a waje, maƙwabtan suna ciki.

Hoto ya sake fitowa a wurin Lowry, amma da wani aiki dabam. A Kopenhagen ta 1943, iyalin Johansen sun karɓi Ellen Rosen suka ba ta sunan ƴarsu Lise da ta rasu. Da sojojin Jamus suka yi shakka saboda baƙin gashinta, uban ya fiddo hoton Lise tana jaririya da baƙin gashi. Ke nan abotar yara ba ta ceci kowa ba sai da manya suka mai da ita zumunci, suka sa gidansu cikin haɗari. Tarihi na goyon bayan wannan tsari: a Oktoba 1943 an tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Suwidin cikin jiragen masunta, kimanin 470 ne aka kai sansanin Theresienstadt. Sai dai Danmak togiya ce. A Holan, wajen kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar aka hallaka, kuma ɗalibin da bai karanta komi ba sai Lowry zai ɗauki togiya a matsayin doka.

Shi ma Richter bai tsira daga suka ba. Zohar Shavit, mai nazarin adabin yara a jami'ar Tel-Abib, ta nuna yadda littattafan Jamus ta Yamma suka cika shafukansu da Jamusawa abokan Yahudawa, suka bar sansanonin kisa a bayan labule. Lallai bam na jiragen Ƙawance ne ya kashe Friedrich, ba ɗakin gas ba. Mun yarda da sukar, amma ba duka ba: wanda ya rufe masa ƙofa shi ne Resch, mai gidan da ya san shi tun yana jinjiri, kuma Richter bai ba iyalin mai ba da labarin wata hujja ta wanke kansu ba.