Tarihin Sassaƙa Ƙananan Jiragen Ruwa na Katako

Sassaƙa ƙananan jiragen ruwa tsohuwar sana'a ce wadda a yau ta fi zama aikin sha'awa. Mai yin ta yakan zaɓi wani jirgi mai tafiya da iska, ya gina shi ƙarami da katako bisa ma'auni tsayayye, ba tare da ya tsallake komai ba: haƙarƙarin jirgin, katakan da aka lulluɓe shi da su, jigogin da ke tsaye a kansa, filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, da igiyoyin da ke riƙe da su. Ma'aunin nan shi ya raba aikin da abin wasan yara. In an ce 1:48, to duk inci 48 na babban jirgi ya koma inci 1, kuma dokar ta hau kan komai, daga tsawon jirgin har zuwa kaurin igiya.

Asali

Tun kafin a san da wani aikin sha'awa, mutane na yin ƙananan jirage saboda abin da suka yi imani da shi. Misirawan dā sukan binne manyansu da su. A 1920 Herbert Winlock ya buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade da aka binne kusa da Luksor kimanin shekara 4,000 da suka wuce, ya tarar da samfura na katako fiye da 20, kusan rabinsu jirage. Masassaƙan sun san Kogin Nilu sarai. Ruwansa arewa yake gangarawa, iska kuwa kudu take kaɗawa, saboda haka jirgin da zai yi kudu sun yi shi da filafili a shimfiɗe, wanda zai yi arewa sun kwantar masa da jigo sun jera masa masu tuƙi. Har da jirgin dafa abinci mai bin na maigida. An raba kayan tsakanin Alƙahira da New York. A kabarin Tutankhamun ma, da aka gano a 1922, an sami ƙananan jirage 35.

A Turai, matuƙan da suka tsira daga haɗarin teku sukan rataye ƙaramin jirgi a coci don cika alwashi. Wanda ya fi shahara shi ne na garin Mataro da ke kusa da Basalona, aikin ƙarni na 15, wanda yanzu yake gidan tarihin jiragen ruwa na Rotterdam. Magina na wancan zamani ba su bar zane-zanen aikinsu ba, shi ya sa masana ke komawa kan wannan ɗan jirgi in suna son sanin yadda jiragen zamanin Kolombos suke.

Samfuran rundunar ruwan Ingila

Kololuwar wannan sana'a ta zo ne a Ingila. A 1607 maginin jirage Phineas Pett ya yi wani samfuri da aka nuna wa Sarki James na I, kuma a 1610 aka saka babban jirgin, Prince Royal, a ruwa. Daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa na 18 sai aka sami wani salo na musamman a ma'aikatun jiragen yaƙi na sarki, irin su Deptford, Woolwich da Chatham. Yawanci a kan 1:48 ake yin su, wato rubu'in inci a madadin ƙafa guda, da itatuwa masu tauri da santsi waɗanda ba sa tsagewa komai ƙanƙantar yankan. Abin da ya fi jan ido shi ne ba a lulluɓe ƙasan jirgin, ana barin haƙarƙarin a fili, a kuma bar wasu wurare a buɗe a saman don a leƙa ɗakunan ciki. Adon gaba da na baya kuwa, zakoki da dawakai da tambarin sarauta, duk an sassaƙa su an shafe da ruwan zinariya.

An daɗe ana cewa don manyan hukuma su duba kafin su amince a gina jirgi ake yin su. Masana da yawa yanzu na ganin akasarinsu kyauta ce ga manyan, domin samfuri mai irin wannan ado yakan ci watanni masu yawa, kuma ma'aikata ba za ta zauna jiransa ba. Samuel Pepys, sakataren hukumar jiragen yaƙi, yana cikin masu tara su. Ko ma dai don me aka yi su, amfaninsu ya zarce niyyar masu su. Jiragen sun ruɓe ko sun nutse, samfuran sun rage, kuma daga jikinsu ake karanta yadda ake ɗaura igiyoyi da shirya dakalan igwa a wancan lokaci. Sauran ƙasashe ma sun gane haka. Sarki Peter na Rasha ya kafa ɗakin ajiye samfura a Saint Petersburg a 1709, kuma a 1748 Duhamel du Monceau ya miƙa wa Sarki Louis na XV tarin nasa, wanda ya zama tushen gidan tarihin jiragen ruwa na Faris.

Aikin fursunoni

A yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa tsakanin 1793 da 1815, an tsare dubban matuƙan Faransa a wurare kamar Norman Cross da Dartmoor da cikin tsofaffin jiragen da aka mayar kurkuku. Wasunsu suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, su dafa su, su busar har su yi fari, su yanka sirara su liƙa a jikin katako da 'yan ƙusoshin tagulla. Igiyoyi kuwa da zare ko gashin doki ko na mutum. A kasuwar bakin kurkuku suke sayar wa mutanen gari. Ba su da zane, da ka suke aiki, don haka sau da yawa jigogin kan zarce tsayi. Amma wurin ɗaurin igiya ba a kama su da kuskure cikin sauƙi, domin aikin da suka yi shekaru suna yi ne da hannunsu a teku.

Komawa aikin sha'awa

Sai da jiragen tururi suka ture na iska sannan aikin ya shiga gidajen talakawa. A shekarun 1920 wani tsohon kyaftin, E. Armitage McCann, ya riƙa buga zane da bayani dalla-dalla a mujallar Popular Science ta Amurka, wanda hakan ya sa akawu da malamin makaranta suka fara gwadawa a gida. Charles G. Davis ya fitar da littafinsa kan gina samfuri haƙarƙari bayan haƙarƙari a 1933, an kafa ƙungiyar Nautical Research Guild a 1948, sannan a 1955 aka wallafa littafin wani likita ɗan Ingila, C. Nepean Longridge, mai suna The Anatomy of Nelson's Ships, inda ya bayyana yadda ya gina jirgin Victory a kan 1:48. A Faransa, Jean Boudriot ya cika mujalladi 4 a shekarun 1970 kan jirgi guda mai igwa 74.

Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765 ya kuma yi yaƙin Trafalgar a 1805, ya isa misalin nauyin aikin. Dakalin igwarsa ƙafa 186 ne, a samfurin 1:48 ya koma inci 46 da rabi. Igiyoyinsa sun kai kimanin mil 26, kuma an lulluɓe ƙasansa da fallayen jan ƙarfe kusan 4,000. Mai son gaskiya sai ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Wurin da sababbin hannu suka fi tsayawa shi ne lulluɓe jiki, domin jirgi yana da faɗi a tsakiya ya tsuke a gaba da baya. Dole kowane katako a rage masa faɗi zuwa baki, a jiƙa shi ko a gasa shi ya tanƙwaru, kamar yadda maɗinki ke rage ƙyalle don hula ta zauna a ka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni irin su Billing Boats na Denmark, Amati na Italiya da Artesanía Latina na Sifaniya suka yawaita sayar da kayan haɗi a kwali, da katako da zare da igwogin tagulla da zane. A nan Afirka ta Yamma ta shigo cikin labarin ta ɓangaren ice, domin obeche mai sauƙin yanka da sapele mai launin ja, wanda ya ɗauki sunan garin Sapele na Jihar Delta, suna cikin katakan da aka saba samu a irin waɗannan kwalaye. Samfuran roba, waɗanda kamfanin Airfix ya buɗe musu kasuwa da samfurin jirgin Golden Hind, sun ɗebe masu gaggawa, amma ba su kashe na katako ba. Yankan na'ura mai hasken lesa da ya zo daga baya ya sa gutsattsarin suna zama daidai. Illar kayan kwali ita ce wasu kamfanoni kan zuba igwa iri ɗaya da ado iri ɗaya ga jirage na ƙarni daban-daban, kuma hakan ɓata tarihi ne, domin mai kallo zai ɗauka haka jirgin yake. Shi ya sa ƙwararru ke sayo kwafin zanen asali daga gidan tarihi na Greenwich su yanka komai da kansu.

Gidajen tarihi har yanzu suna dogara da masu wannan hannu. Jirgin Vasa na Sweden ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961, katakonsa ya yi baƙi, fentinsa ya tafi. Masu bincike sun bi gumakan jikinsa suna gano ɓurɓushin launi da madubin ƙara girma, aka yi amfani da sakamakon wajen fenta samfuri mai ma'aunin 1:10 da ke tsaye kusa da shi a Stockholm, ja da shuɗi da ruwan zinariya, da filafilansa 10 a shimfiɗe.