Hoton kokowa a Tasawa: daga gaban labule zuwa bakin fage

Hotunan 'yan kokowa na dā da suka rage a gidajen Tasawa da Mayahi kusan duk iri ɗaya ne. Mutum na tsaye ƙiƙam gaban labule, ƙirji waje, guru a ƙugu, kambuna a damtse, ya haɗe rai. Ba ka ganin abokin karawa, balle ƙura. Mai hoto na wancan zamani yana da uzurinsa. Fim ɗaya bai wuce hoto 36 ba, kuɗi ne, kuma sai an wanke kafin a san abin da aka kama. Wa zai ɓarnatar da shi kan mutum biyu da ke juyi cikin rairayi? Sai a jira a tashi wasa, a tsai da gwanin a tsakiya.

Kokowa kuwa tun asali wasan kaka ce, idan gero ya shiga rumbu samarin ƙauyuka su ziyarci juna da makaɗansu. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta mai da ita gasar ƙasa. Aka yi ta farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na jiharmu ta Maraɗi ya ɗauki takobin zakaran gasar, shi ne wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Daga nan kaye ya zama abin da ƙasa duka ke son gani da ido, masu hoto suka baro labule suka durƙusa bakin fage.

Yau matasanmu masu kyamara da waya suna gardama kan ƙa'idar da suka koya, wai a raba hoto gida uku, kada a sa mutum a tsakiya. Ƙa'idar ta masu zane ce, John Thomas Smith ya rubuta ta a Ingila a 1797, domin zanen da ake yi a tsanake. Ni ban ɗauke ta farilla a fage ba. Kaye ƙiftawar ido ne, wanda ya tsaya awo zai tashi da hoton alƙali yana ɗaga hannu.

Sai dai fage na da tasa ƙa'idar, wadda nake jin zafi idan an karya ta: kada a yanke ƙasa. A kokowa ƙasa ce ke yanke hukunci. Na sha ganin hoto mai kyan gaske, jijiyar wuya ta miƙe, gumi na sheƙi, laya ta tashi sama, amma an datse ƙafafu daga gwiwa. Wa ya sa ƙafa? Gwiwar wa ta fara taɓa rairayi? Hoton ya yi shiru kan abin da ya tara jama'a. Dubi hoton damben da Neil Leifer ya ɗauka a Amurka ran 25 ga Mayu 1965. Muhammad Ali yana tsakiya, ƙa'idar gida uku ta sha ƙasa, amma ga Sonny Liston kwance a gabansa, ga fuskokin mutane a baya. Ba sai an gaya maka wanda ya ci ba.

Waya ta ƙara dagula lamarin, domin ana riƙe ta a tsaye, a jawo fuska kusa, makaɗa da 'yan kallo su fice daga hoton. Masu hoton labule ma, duk da ƙarancin fim, sukan ɗauki gwani tun daga kansa har tafin ƙafa.