Littafin Ƙididdigar Tsofaffin Wasannin Gem



A daminar da ta wuce ruwa ya shiga wani ɗakin ajiya a unguwarmu, a zangon Kumasi. Ana cikin fitar da kaya shanya, sai aka kawo mana wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bisa zaton na lissafin ƙungiya ne, tun da takardun unguwa a hannunmu suke. Da muka buɗe, sai muka tarar da ƙididdigar wasannin gem. Mai shi ƙaninmu ne, wanda a yau magidanci ne mai 'ya'ya. Tun yana yaro ya raba kowane shafi gida huɗu: sunan wasa, wanda ya ara masa kaset, matakin da ya kai, da hukuncinsa a kan wasan. Ruwa ya ci kusan rabin shafukan.

Na'urar da ya yi yawancin wasanninsa a kai asalinta Japan ne. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 don buga katin karta, shi ya fitar da ita a 1983 da sunan Famicom, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Amma wadda ta iso gidajenmu galibi jabu ce, ƙirar Taiwan da Sin, da kaset mai alkawarin wasanni dubbai, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa da sabbin sunaye. Ƙanin namu ya gano wannan yaudara da kansa: ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, yana soke duk wanda aka maimaita.

Hukunce-hukuncensa su suka fi ɗaukar hankalinmu. Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci ƙirƙirarsa a 1985, duniya ta ɗora shi a sahun gaba, amma shi na biyu ya ba shi. Na ɗaya a wurinsa shi ne Battle City, wasan tankokin yaƙi na kamfanin Namco, kuma hujjarsa ita ce mutum biyu ne ke tsaron mikiya ɗaya. In ɗaya ya yi sakaci, duka sun faɗi. Ya yaba wa Contra saboda wuyarsa, amma ya ƙi lissafa nasarar duk wanda ya yi amfani da dabarar da ke mayar da rai uku ya zama 30. Tetris kuwa, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, ya ce ba wasan da ake ci ba ne, sai dai a jinkirta faɗuwa. A wurare da dama, a gidan da ake rubuta mataki, kalma biyu kawai ya sa: an ɗauke. Wato wutar lantarki. Yawancin waɗannan wasanni ba sa ajiye inda mutum ya tsaya, don haka ɗaukewar wuta komawa farko ce.

Gaskiya ɗaya ce, muna cikin waɗanda suka riƙa korar yara daga gidajen gem a wancan zamani, domin suna jinkirta salla suna makara zuwa makarantar allo. Ba mu yi nadamar tsawatarwar ba. Abin da muka kasa gani shi ne a cikin yaran akwai mai koyon tsari, da tantance gaskiya, da adalci wajen hukunci.

Irinsa ne suka riƙe tarihin wannan fanni a can inda ya samo asali. A 1981 wani Ba'amurke, Walter Day, ya zagaya gidajen gem fiye da 100 yana rubuta maki mafi yawa da aka ci a kowace na'ura. Ya buɗe nasa gidan, Twin Galaxies, a garin Ottumwa na jihar Iowa, kuma a 1982 ya fara fitar da jerin gwanaye. Daga nan aka sami ma'aunin da ake komawa gare shi. Saboda irin wannan ƙididdiga ne, da wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ya kai mataki na 157 a Tetris na NES a Disambar 2023, har wasan ya daskare, nan take masu bibiya suka san ba a taɓa shaida mutum ya yi haka ba.

Kamfanonin kuwa wani lokaci su ke zubar da nasu. A 1982 Atari ya sa Howard Scott Warshaw ya haɗa wasan E.T. cikin kimanin mako biyar don a riski cinikin Kirsimeti. Wasan bai karɓu ba, kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe a 1983, kamfanin ya kwashi dubban kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a jujin Alamogordo, a jihar New Mexico. Shekara talatin mutane na gardama ko labarin gaskiya ne ko tatsuniya, sai a Afrilun 2014 aka haƙa aka tono kimanin 1,300. Abin da aka yasar a juji, yau wasu daga ciki suna gidajen tarihi. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu.

In haka lamarin yake a ƙasar masu kamfanoni da ɗakunan adana tarihi, ina ga mu? Wa zai gaya wa jikokinmu nawa ake biya a buga Winning Eleven a gidan gem bayan PlayStation ta iso, ko yadda ake hura kaset da baki in ya ƙi kamawa, ko sunayen da yara suka laƙaba wa wasanni da Hausa? Mun kiyaye tarihin fataken goro da suka kafa zangunanmu domin wasu sun riƙe shi sun isar. Kuruciyar waɗanda aka haifa a nan ma tarihin zango ce.

Don haka muna roƙon duk mai tsohuwar na'ura, ko kaset, ko hannun gem, kada ya miƙa wa 'yan gwangwan kafin ya ɗauki hotonsa ya rubuta shekarar da ya same shi da inda ya saya. Mu dai mun shanya littafin, mun kwafe abin da ke karantuwa, mun kira mai shi ya zauna ya cike gurbin da ruwa ya ci, gwargwadon abin da yake tunawa. Har yanzu yana kan bakansa cewa Battle City ya fi Mario.

Allah Ya sa mu dace, amin.