SHIRLEY TEMPLE: YARINYAR DA TA YI SUNA, DATTIJUWAR DA TA WAIWAYA

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To amma akwai wanda ya ji daɗin banarsa, ya kuma zauna ya tuna bara don ya daidaita lissafi. Tarihin Shirley Temple, shahararriyar 'yar fim ta Amurka, misali ne na haka, kuma akwai darasi a cikinsa ga mu masu riƙe da alƙalami.

An haife ta a jihar Kalifoniya a 1928, tana shekara uku aka fara sa ta a fim. A lokacin Amurka na fama da karyewar tattalin arziki da ta biyo bayan 1929. Magidanci ya wuni neman aiki bai samu ba, sai ya shiga silima ya ga 'yar yarinya mai nannaɗaɗɗen gashi tana rawa da waƙa, ya ɗan manta da baƙin cikinsa. A 1935 aka ba ta kyautar Oscar ta yara tana shekara shida. Daga 1935 zuwa 1938, shekara huɗu a jere, babu ɗan wasa babba ko yaro da ya kai ta jawo kuɗi a silimomin ƙasar.

Sai dai jarin nata ƙuruciya ce, ƙuruciya kuwa ba ta zama. Masu fim sun san haka, shi ya sa aka rage mata shekara ɗaya a takardar haihuwa, ita kanta ba ta san gaskiyar shekarunta ba sai da ta kai sha uku. Da ta girma 'yan kallo suka juya baya. A 1950 ta bar fim tana shekara ashirin da biyu. A nan ne ta bincika dukiyarta, ta tarar daga cikin sama da dala miliyan 3 da ta samu, abin da ya rage mata bai wuce kimanin dala dubu 44 ba. Mahaifinta, wanda ma'aikacin banki ne, shi ke riƙe da kuɗin. Ba ta kai shi ƙara ba.

Maimakon ta zauna kukan jiya, sai ta kama sabuwar hanya. Ta wakilci ƙasarta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1969, ta zama jakadiyar Amurka a Gana daga 1974 zuwa 1976, sannan a Cekosulobakiya daga 1989 zuwa 1992. Sai da ta kai shekara sittin, a 1988, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta mai suna Child Star. A ciki ta faɗi daɗin da ta ji, ta faɗi cutar da aka yi mata, ba ta ɓoye batun kuɗin ba, ba ta kuma zagi iyayenta ba. Ta rasu a 2014.

Sau da yawa ɗalibaina kan kawo mini rubutu a kan yarintarsu, na ga ko dai zuma zalla ko maɗaci zalla. Ina jan hankalinsu, da ku 'yan'uwa marubuta masu tasowa, cewa wanda zai rubuta jiyarsa ya fara tsayuwa da ƙafarsa a yau, sannan ya faɗi daɗin da ɗacin kamar yadda suka faru.