Daga Littafin Haraji Zuwa Rajistar Tallafi a Ƙasar Gumel

Tambayi kowane dattijo a Gumel ko Sule Tankarkar me shiga littafin dagaci ke nufi a da, zai ce maka haraji. Tun zamanin Turawa mai unguwa ke ƙirga magidanta, dagaci ya kai wa hakimi, makiyaya kuma a ƙirga musu shanu saboda jangali. Shi ya sa mutane kan ɓoye dabbobinsu, wasu ma su yi ƙaura. Sai a 1979, lokacin ƙasar Gumel tana cikin tsohuwar Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

Daga baya lissafin ya juya. A 2007 gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata. Ka ga ke nan, rubuta suna ya koma abin nema.

Gagarawa kuwa na cikin ƙananan hukumomi biyar na Jigawa da Zamfara da suka ci gajiyar shirin CDGP, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013. A farkon shirin, an riƙa ba mace mai juna biyu naira 3,500 a wata har yaronta ya cika shekara biyu. A nan fasaha ta shigo: a lokacin ana ɗaukar zanen yatsar mace a adana a kwamfuta, ranar biya ta dangwala, don kar wani ya karɓe mata.

A 2016 gwamnatin tarayya ta kafa ofishin NASSCO domin haɗa rajistar talakawa ta ƙasa. Tsarin shi ne mutanen gari su zauna su zaɓi gidajen da suka fi rauni, sannan ma'aikata su bi gida-gida da tambayoyi. Amma a Yulin 2023 majalisar tattalin arziƙin ƙasa ta ce ba ta gamsu da sahihancin rajistar ba.

To, ina matsalar take? Rajista tsufa take yi. Ana haihuwa, ana mutuwa, damina kan lalace. Ɗauki Maigatari, bakin iyakar Nijar: magidanci ya tafi ci-rani, makiyayi na mashekari, masu rubutu suka zo suka wuce. Kwamfuta ba ta san da su ba, don haka kuɗi ba zai iske su ba.

Saboda haka in ka ji an zo rajista a unguwarku, tambayi abu biyu: yaushe za a sabunta ta, kuma ina wanda aka tsallake zai kai kukansa?